Shin Bambancin Harsunan Kwamfuta Salon Rubutu Ne Kawai?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, shekara guda ke nan ina koyon Python, har na fara haɗa 'yan ƙananan abubuwa. Sai wani abokina ya ce ɓata lokacina nake yi, wai Python ba shi da sauri, Rust ne na zamani. Wani kuma ya ce in ba JavaScript ba, babu aikin yi. Kaina ya ɗaure. Me ya sa harsunan nan suka yi yawa haka? Ba duk abu ɗaya suke gaya wa kwamfuta ba? Ko dai bambancin salon rubutu ne kawai, kamar mai rubuta boko da mai rubuta ajami?"

Wa alaikumus salam ƙanina. Tambaya biyu ka haɗa wuri ɗaya: me ya sa harsunan suka yi yawa, sannan ko ka ajiye Python ka kama wani. Ta farkon ce mai tsawo, in ka gane ta kuma, ta biyun ba za ta ba ka wahala ba.

Kana da gaskiya ta wani ɓangare. Duk abin da ka rubuta, ko da wane harshe, a ƙarshe sai ya koma umarnin da injin kwamfuta ke ganewa, kuma duk lissafin da C zai yi Python ma zai yi shi. Amma misalin da ka kawo ya fi yadda kake zato zurfi. Rubuta "gari" da boko ka miƙa wa mutum: garin da ake zama ne, ko garin tuwo? Sai ya duba sauran jimlar kafin ya sani. Mai ajami kuwa zai sa alif a na tuwon, domin wasalinsa dogo ne. Hausar ɗaya ce, amma wani rubutun ya tilasta maka ka fayyace abin da ɗayan ya bar wa mai karatu ya cinka. To haka harsunan kwamfuta suke. Kowanne ya yanke shawara kan abin da dole ka faɗa da bakinka, da abin da zai cinka maka, da kuma lokacin da kuskurenka zai fito fili.

Dalilin yawansu kuwa, ruwa ba ya tsami banza. Kusan kowanne akwai abin da ya ishi wani har ya zauna ya ƙirƙiro shi. John Backus da abokan aikinsa a IBM sun fitar da Fortran a 1957 saboda masu lissafin kimiyya sun gaji da rubuta umarnin inji ɗaya bayan ɗaya. COBOL ya biyo baya a 1959 don albashi da lissafin kasuwanci. Dennis Ritchie ya yi C a farkon shekarun 1970 don rubuta Unix, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a kan injinan da ma'ajiyarsu ba ta taka kara ta karya ba. Guido van Rossum ya saki Python a 1991 yana neman harshen da za a karanta ba tare da ciwon kai ba. JavaScript kuma Brendan Eich ya haɗa shi cikin kwana goma a 1995, kamfanin Netscape na tsaye a kansa, kuma har yau tabon wannan gaggawar na jikinsa. Go ya fito daga Google a 2009, daga mutanen da suka gaji da jiran manyan manhajojin C++ su gama haɗuwa.

Yaushe kuskure ke fitowa fili

Bari in ba ka labarin da ya koya mini wannan darasi. A farkon aikina na rubuta wa wata makaranta 'yar manhajar karɓar kuɗin makaranta. Mai karɓar kuɗi zai shigar da adadi, manhajar ta ƙara naira 200 ta rasiti. Wata rana aka kira ni, wai wani uba ya ɗaga murya a ofis, an ba shi takarda ta ce ana binsa naira 5000200. Na duba, na sake dubawa, ban ga inda na ninka komai ba. Ashe abin da ake shigarwa a akwatin shafin intanet rubutu ne, ba lamba ba, ko da kuwa alƙaluma mutum ya buga. Shi kuma JavaScript in ka ce masa "5000" + 200, sai ya ɗauka so kake ya jera su, ya ba ka "5000200", ko tari bai yi ba. Abin dariyar, da ragewa na yi, "5000" - 200, da 4800 zai ba ni daidai, domin a ragi yakan mayar da rubutun lamba da kansa.

Yanzu ɗauki wannan kuskuren ka kai wa harsuna uku. JavaScript ya yi shiru ya ba da amsar banza, kuma uban yaro ne ya gano, ba ni ba. Python zai ƙi, ya tsaya ya ce TypeError, amma sai lokacin da manhajar ta iso wannan layin tana cikin aiki. In layin yana wani lungu da ba a cika bi ba, zai iya kwana wata shida yana jiranka. Go da Rust kuwa ba za su ma yarda manhajar ta haɗu ba. Tafintansu, wato kompaila mai mayar da rubutunka zuwa umarnin inji, zai ce maka wannan rubutu ne, wancan lamba ne, ba na haɗa su, tun kana zaune a kan teburinka.

Kuskuren ɗaya ne. Wanda ya biya kuɗinsa ne ya bambanta.

Kada ka ɗauka na ƙarshen kyauta ne. Harshen da ke tilasta maka bayyana nau'in kowane abu, wato rubutu ne ko lamba ce, yana cin lokaci da farko, kuma in 'yar manhaja ce mai layi hamsin da za ka tsaftace wani fayil na Excel ka jefar, wannan ƙa'idar wahala ce kawai. Amfaninta na fitowa ne idan aiki ya girma: mutum biyar a kai, shekara uku, wanda ya rubuta rabin kod ɗin ya tafi wani kamfani. A nan nau'in da aka rubuta shi ne shaidar da ba ta mantuwa. Ka canza abu ɗaya, tafinta ya nuna maka wurare goma sha bakwai da canjin ya taɓa. Shi ya sa masu sassauci suka fara komawa wajen tsauri. Microsoft ta fitar da TypeScript a 2012, wanda JavaScript ne da aka ɗora wa nau'i, Python kuma ya samu hanyar rubuta nau'i a siga ta 3.5 a 2015. Sai dai ka sani Python da kansa ba ya duba abin da ka rubuta ɗin, sai ka kawo wani abu irin mypy ya duba maka. Masu tsaurin su ma sun sassauto: Java ya kawo var a 2018 don kada ka riƙa maimaita abin da tafinta zai iya ganewa da kansa. Kowa na matsowa tsakiya.

Akwatin da babu komai a ciki

Akwai wani kuskure da na tabbata ka riga ka gamu da shi a Python, wanda ke cewa 'NoneType' object has no attribute. Ka nemi lambar wayar wani daga rumbun bayanai, shi kuwa bai taɓa ba da lamba ba, sai aka miƙo maka None, kai kuma ka ci gaba kamar lamba ce a hannunka. A Java sunansa NullPointerException. JavaScript ma har biyu gare shi, null da undefined. Tony Hoare, masanin kwamfuta ɗan Ingila, shi ya sa wannan abu a harshen ALGOL W a 1965, don kawai yana da sauƙin sakawa, kuma a wani jawabi da ya yi a 2009 ya kira shi kuskurensa na dala biliyan ɗaya.

Matsalar ba rashin lambar wayar ba ce, mutane da yawa ba su da ita, dole manhaja ta iya faɗin haka. Matsalar ita ce harshen ya bar akwatin da babu komai ya yi kama da mai kaya, sai ka buɗe za ka sani. Kotlin ya raba su: String dole akwai rubutu a ciki, String? mai alamar tambaya kuma mai yiwuwa babu, kuma ba zai bar ka ka taɓa shi ba sai ka faɗi abin da za a yi in babu. Rust yana da Option, harshen Dart ya bi sahu a 2021. Go ya riƙe nil ɗinsa, wato nasa None ɗin, kuma wannan na cikin abubuwan da nake jin haushinsa a kai, duk da ina son sa. A ganina, cikin duk abin da sababbin harsuna suka kawo, wannan rabewar ta fi komai rage mini kiran tsakar dare.

Maganar abokinka mai Rust

Abin da Rust ya zo gyarawa daban ne, kuma ya kamata ka san shi kafin ka yanke ko ya shafe ka. Duk manhaja tana karɓar wuri a ma'ajiyar kwamfuta, in ta gama ta mayar. A C da C++ kai ne mai karɓa, kai ne mai mayarwa. Ka manta ba ka mayar ba, manhaja ta yi ta kumbura. Ka mayar kuma ka sake komawa kana amfani da wurin, to bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga. A 2019 Microsoft ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da take toshewa a manhajojinta daga irin wannan kuskuren ma'ajiya suke, masu Chrome ma sun ba da adadi makamancinsa.

Python, Java, Go da JavaScript sun magance wannan da mai shara: wani sashe da ke zagayawa yana kwashe abin da ba a amfani da shi. Ka huta, amma mai sharar yana cin nasa rabon na lokaci da ma'ajiya. Rust, wanda Graydon Hoare ya faro, Mozilla ta rene shi har ya kai siga ta 1.0 a 2015, ya ɗauki wata hanyar. Kowane abu mai shi ɗaya ne. Za a iya ba da aronsa, mutum goma su duba a lokaci guda, amma in wani zai canza shi to shi kaɗai zai riƙe, kuma aro ba ya wuce ran mai kaya. Tafinta ne ke bin diddigin wannan duka kafin manhaja ta tashi, don haka ka samu saurin C ba tare da yawancin ramukansa ba. Dabara ce mai kyau ƙwarai, shi ya sa Linux ya fara karɓar Rust a siga ta 6.1 a ƙarshen 2022.

Ni dai ƙananan kayan aiki kawai na rubuta da Rust, ban taɓa riƙe babbar manhaja da shi ba, don haka ka auna maganata da wannan ma'aunin. Abin da na gani shi ne makonnin farko faɗa ne tsakaninka da tafinta, ka rubuta abin da a Python layi uku ne, ya ƙi, ka gyara, ya sake ƙi. Haɗa manhajar ma yana cin lokaci da ƙarfin inji, wanda mai tsohuwar laftof da batirin da ba ya jure ɗauke wuta zai ji a jikinsa. In burauza kake rubutawa, ko manhajar da za ta zauna cikin ƙaramar na'ura, wannan wahalar ta biya. In shafin shagon sayar da atamfa ne, ka sayi maganin ciwon da ba ka da shi, domin mai sharar Python ya riga ya raba ka da shi.

Batun sauri kuma, abokinka bai yi ƙarya ba. Ka sa Python zalla ya yi ta maimaita lissafi sau miliyoyi, C zai iya ninka shi sauri sau goma ko fiye. Amma masu nazarin bayanai da masu ƙirƙirarriyar basira da Python suke aiki, saboda kayan aikinsu irin NumPy da PyTorch cikinsu C ne da C++, Python direba ne kawai, ba shi ne injin ba. Instagram ma da Django aka gina shi, wato kayan gina shafukan intanet na Python. A irin aikin da yawancinmu ke yi, ba harshe ke jawo nawa ba. Na taɓa gadon wani shafi da ke ɗaukar kusan daƙiƙa takwas kafin ya buɗe, mai shi har ya fara maganar a sake rubuta komai da wani harshe. Da na leƙa, sai na ga don ya nuna jerin ɗalibai, yana zuwa rumbun bayanai sau ɗaya ya ɗauko sunaye, sannan ya koma sau ɗaya-ɗaya don ajin kowane ɗalibi. Kamar a aiki yaro kasuwa sau ɗari uku, kowane zuwa ya sayo tumatir ɗaya. Na haɗa tambayar ta zama guda, shafin ya koma buɗewa nan take. Da an sake rubuta shi da Rust a kan wannan tsarin, da yaron ne kawai ya ƙara gudu.

Inda abin ya taɓa mu kai tsaye

Akwai wani yanki na tsarin harshe da mai rubuta wa Hausawa manhaja ba zai kauce masa ba, shi ne yadda harshen ya ɗauki harafi. Tsofaffin harsuna sun tashi ne a kan cewa harafi ɗaya bayit ɗaya ne, wato ƙaramin gurbi ɗaya a ma'ajiyar kwamfuta, wanda ya ishi Turanci. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, kowannensu bayit biyu ne a tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. Tambayi Python 3 tsawon kalmar "ƙasa", zai ce 4. Tambayi Go da len, zai ce 5, domin shi bayit yake ƙirgawa. Babu wanda ya yi ƙarya, amma in ba ka san me naka yake ƙirgawa ba, wata rana za ka yanke suna a tsakiyar harafi, ka ga wata alamar tambaya cikin baƙin lu'ulu'u ta fito a takardar sakamakon yaro.

Gyara wannan na cikin manyan dalilan da suka sa aka yi Python 3 a 2008, aka karya jituwa da Python 2. Sai da aka kai 1 ga Janairun 2020 kafin a rufe babin tsohon. Shekara goma sha ɗaya da 'yan kai mutane na rabe gida biyu. Masu tsara harsuna duk sun ga abin da ya faru, shi ya sa suke tsoron taɓa tsohon kuskure. Har yau ka tambayi JavaScript typeof null zai ce maka "object", kowa ya san ba daidai ba ne, amma gyara shi zai karya shafukan da ba su ƙirguwa.

Sauran tarkon da ke wannan layin: ka sa manhaja ta jera sunaye ba tare da ka koya mata tsarin Hausa ba, Ɗanjuma zai faɗo ƙasan Zainab, domin lambar Ɗ a Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa, ta fi ta Z. Ka tura saƙon tes mai ƙ guda ɗaya tak, iyakar saƙon ta sauko daga harafi 160 zuwa 70, kuɗin makarantar da ke tura wa iyaye dubu saƙo ya ninka ba ta san dalili ba. Mafi haɗari kuma ita ce 'yar alamar da ke cikin Sa'idu da Asma'u da Rabi'u. In kana liƙa suna kai tsaye cikin tambayar SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, wannan alamar za ta rufe rubutun tun bai ƙare ba, tambayar ta fashe. Ranar da Asma'u ta kasa yin rajista, ka gode mata, domin ƙofar da sunanta ya bankaɗe ita ce ɓarawon bayanai zai bi. Maganin shi ne ka miƙa wa laburaren rumbun bayanan sunan daban, tambayar daban, kowane harshe yana da hanyar yin haka.

Kuɗi ma haka. Buga 0.1 + 0.2 a Python, za ka ga 0.30000000000000004. Ba laifin Python ba ne, JavaScript ma haka zai ba ka, domin duk suna bin ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, kuma kashi ɗaya cikin goma ba ya rubutuwa cif da sifili da ɗaya, kamar yadda sulusi ba ya ƙarewa a namu alƙaluman. Ajiye kuɗi da kwabo a matsayin cikakkiyar lamba, ko ka yi amfani da Decimal. Shi ya sa in za ka haɗa manhajarka da Paystack, masu karɓar kuɗi ta intanet, da kwabo za ka tura musu adadi, naira 5000 ta zama 500000. COBOL da ake yi wa dariyar tsufa tun asali da lissafin goma-goma ya zo, kuma har yanzu manyan bankunan duniya da yawa na tafiya a kansa.

To me za ka yi

Kada ka ajiye Python yanzu. Shekara guda ta isa mutum ya san kalmomin harshe, ba ta isa ya ga inda yake ciwo ba, kuma wanda ke tsalle daga wannan zuwa wancan duk wata uku yakan ƙare da iya rubuta gaisuwa da harsuna bakwai. Gama abu ɗaya da wani mutum zai yi amfani da shi da gaske, ko da littafin bashi ne na shagon yayanka. Koyi SQL a hanya, domin shi zai bi ka duk harshen da ka koma. Abokinka na biyu ma yana da tasa gaskiyar: burauza JavaScript take ji, in aikinka zai fito a shafin intanet ba makawa sai ka taɓa shi, kuma shawarata ka shiga ta ƙofar TypeScript. Bayan nan ka ba wani harshe mai tsauri wata ɗaya ko biyu, Go ko Kotlin, ko Rust ɗin in zuciyarka na can. Ko ba ka samu aiki da shi ba, za ka dawo Python da wani ido, ka riƙa tambayar kanka me ke cikin akwatin nan, kuma in babu komai fa. Wannan idon ya ƙara daraja yanzu da mutane ke sa ƙirƙirarriyar basira ta rubuta musu kod, domin takan rubuto abu mai kyan gani da kuskure kwance a ciki, kuma wanda bai san inda ake dubawa ba haka zai kwafa ya liƙa.

Kafin duk wannan, ga aikin da za ka yi a makon nan. Ɗauko mafi girma cikin 'yan abubuwan da ka ce ka haɗa, ka rubuta nau'in abin da kowane aiki ke karɓa da wanda yake mayarwa, ka sa mypy ya duba, ka ƙirga wurare nawa ya ce None zai iya shigowa. Sannan ka shigar da ɗalibi mai suna Sa'idu Ɗanjuma, ka bar gurbin lambar waya babu komai, ka sa kuɗinsa naira 1500 da kwabo 10, ka ga a wane layi za ta fara faɗuwa.